Takarda da ƙaro ma sana'a ce

Ranar kasuwa, in mutum ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Maraɗi, ta wuce Caduwa da Agye har Gazawa, abin da zai cika masa ido shi ne hatsi da bisashe da buhunan wake da na aya. Nan manyan kuɗi suke. Amma can gefen rumfuna, kusa ga masu littattafai da tasbaha, ko bayan masu tsire, akwai waɗansu 'yan kasuwa da ba a cika lura da su ba. Jarinsu duka bai cika kwali ɗaya ba: takarda, almakashi, reza, ƙaro cikin gwangwani, da 'yan kwalaben launi. Da wannan suke neman na cefane, musamman da rani, in aikin gona ya ƙare.

Jama'a, sana'ar nan tana cikin wahala. Hannun masu yin ta bai mutu ba. Abu biyu ne suka same su: kayan inji masu araha da suka cika kasuwa, da rashin lissafi.

Takarda tsohuwar baƙuwa ce

A da ba a yin takarda a ƙasar Hausa. Daga nesa take zuwa, bisa raƙuma. Wadda ta fi suna ita ce mai alamar wata uku, wadda ake yi a ƙasar Italiya, ta sauka Tarabulus ko Masar, fatake su ƙetaro Sahara da ita. In aka ɗaga ta ga hasken rana sai a ga jinjirin wata guda uku cikin jikinta. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa cikin watan Janairu na 1851, ya isa Kano cikin Fabrairu. A kasuwar Kano ya tarar da wannan takarda da yawa, ya kuma rubuta cewa da ita ake naɗe tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar.

Ke nan tun wancan zamani takarda aiki biyu take yi: malamai su rubuta, 'yan kasuwa su ƙunshe haja. Abin da ya zo daga bayan Sahara kuwa ba a wulaƙanta shi. Ko ɗan guntu ba a yar da shi. Masu sana'ar yau magadan wannan tattali ne.

Allon zayyana

Aikin da ya fi kowane daraja cikin sana'ar takarda shi ne zayyana. In yaro ya sauke Alƙur'ani, iyayensa sukan nema masa allon zayyana, wanda zai riƙa ranar walima, ya zagaya da shi gidajen dangi ana yi masa kyauta.

Ga yadda ake yi. Mai zayyana ya sami allo mai faɗi, ya goge shi sarai. Ya yanko farar takarda mai kauri daidai girman allon, ya shafa ƙaro, ya liƙa, ya bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale ciki. In ta bushe sai ya ja layuka, ya fitar da da'ira da murabba'i da sarƙa, ya bar fili a tsakiya inda rubutu zai zauna. Yawanci Fatiha ake rubutawa da farkon Baƙara. Alƙalaminsa na gamba ne ko na kara. Baƙar tawada ta gargajiya da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, wata kuma da 'ya'yan bagaruwa. Ja da rawaya da kore su ne launukan da aka gada, su ne kuma ake gani cikin Alƙur'anin rubutun hannu, inda ja ke ɗaukar wasali, rawaya ke nuna hamza.

Yanzu masu zayyana da yawa sun ƙara da liƙe-liƙe. Sukan yanyanka takarda mai launi, ko mai walƙiya irin ta cikin kwalin shayi, su jera a gefen allo kamar yadda baduku ke jera jar fata da koriya a jikin jaka. Tsofaffi wasu ba su so, suna ganin ƙyalƙyali ya yi yawa. Amma yara shi suke so, kuma yaro ne mai allo. Abin dubawa shi ne hannu: in yankan ya miƙe, liƙin bai tashi ba, rubutun ya fita, to aiki ya yi.

Wannan liƙe-liƙe ba abin rainawa ba ne. A Faransa, cikin 1912, masu zane biyu, Picasso da Braque, suka fara liƙa guntayen jarida da takardar bango cikin zanensu, duniya ta ce sabon abu ya zo. Wani kuma, Matisse, da rashin lafiya ya hana shi tsayuwa gaban zane, sai ya koma ga almakashi da takarda mai launi. Ayyukansu yau suna manyan gidajen tarihi, ana biyan kuɗi a gani. Nan gida kuwa mai zayyana na zaune ƙarƙashin bedi, ana taya aikinsa na kwana biyu kamar ana taya tulin yakuwa.

Abokin hamayyar mai zayyana shi ne inji. Daga Kano da Katsina ake shigo da zayyanar bugu, ta Jibiya da Ɗan Isa, an buga dubbai iri ɗaya, wasu har an rufe su da roba. Tun da naira ta faɗi ƙwarai daga 2023, kayan Najeriya sun ƙara araha ga mai riƙe da sefa. Mai aikin hannu ba zai iya sauko da kuɗinsa har ya kai na inji ba. In ya gwada, yunwa ce za ta kashe shi. Amma akwai abin da takardar bugu ba ta zuwa da shi: sunan yaro, da na mahaifinsa, da na malaminsa, da garinsu, da ranar sauka. Uban da ya jira shekara da shekaru ɗansa ya sauke, zai ƙara kuɗi don wannan. Saboda haka mai dabara ba ya tara alluna ya jira mai saye. Makarantun allo yake bi, daga Tsibiri zuwa Cadakwari, ko daga Gangara zuwa Gazawa, ya tambayi malamai yaran da suka kusa sauka, ya karɓi aiki da rabin kuɗi a hannu.

Ƙunshi

Aiki na biyu ba shi da ado, amma kullum ana bukatarsa. Kowa ya san takardar siminti da mai tsire da mai kilishi ke ƙunshe nama. Buhun siminti na takarda falle-falle ne. Fallen ciki ya taɓa siminti, na waje ya sha ƙura da hannu, na tsakiya shi ne ya fi tsabta. Sai dai takardar nan tana ƙaranci, don siminti mai yawa yanzu cikin buhun leda yake zuwa.

Baƙar leda kuwa ta kori takarda, ta kori ganye, ta kusa korar jakar kaba, a ƙasar da Gulbin Kaba ya ratsa. Ba sai an gaya wa manomi ɓarnarta ba. Yana ganin ta rataye a ƙaya, yana tono ta da hauya shekara bayan shekara ba ta ruɓe ba. Mahauta ma suna ciro ta a tumbin awaki da tumaki. Akuya ta ci ta, ta rame, ta mutu, mai ita ya ce ciwo ne. Gwamnati ta kafa doka ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana yi da shigowa da sayar da irin wannan siririyar leda. Ruwanda ta hana tata tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma can an tsananta. Nan doka tana rubuce, leda tana yawo, domin mai ƙuli-ƙuli ba ta da abin da za ta sa a madadinta.

To, ga gurbin da mai takarda zai shiga. Jakar takarda ba ta bukatar inji. A yanka takarda, a naɗe ta gida biyu, a liƙe gefe da gindi, a danne da dutse mai faɗi, a shanya a inuwa. In ƙaro ya yi tsada, a dama ɗan garin alkama ko na rogo, a dafa har ya yi danƙo. Mutum biyu, ɗaya na yanka ɗaya na liƙi, sun fi mutum ɗaya sauri nesa. Gyaɗa, aya, dabino, ƙuli-ƙuli, busasshen barkono, irin shuka, duk takarda ta fi musu, don ba ta sa su gumi. Ga mai da kunu da fura kam, takarda ba ta da amfani, kada a yaudari kowa.

A kiyaye abu uku. Takardar da ta taɓa maganin ƙwari ko takin zamani ba ta kusantar abinci. Jarida da tsohon kaye na 'yan lakkol suna da tawada mai narkewa cikin maiƙo, sai dai a ƙunshe ƙusa ko sabulu da su. Takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa ba a ƙunshi da ita sam.

Ragowar guntaye ma ba su faɗuwa banza. Mata sukan yi furanni da tutoci na adon ɗakin amarya da wurin suna, yara su liƙa wa motocin kara. A ƙasar Yuganda mata suna yanka tsofaffin kalanda da mujallu siriri-siriri, su nannaɗe, su shafa mai sheƙi, su shirya su kamar duwatsun wuya, har Amurka da Turai ana saye.

Ina riba take?

Nan ne ciwon yake. Mai sana'ar takarda yakan ce ya ci riba don ya ga kuɗi a aljihu da yamma. Bai rubuta abin da ya kashe ba, bai kuma sa wa wahalarsa kuɗi ba.

Ga misali. A ce allo dala 150, takarda dala 20, launi dala 60, ƙaro dala 10, kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa in an raba bisa alluna dala 60. An kashe dala 300 ke nan. A ce ya sayar jika biyu, wato dala 400. Abin da ya rage dala 100. In aikin kwana biyu ya ci, to dala 50 yake samu a wuni. Kowa ya san abin da ɗan ƙwadago ke karɓa a wuni ɗaya na noma, sai ya kwatanta. Kuɗin kaya ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kowa ya sa nasa, amma hanyar lissafin ɗaya ce. Wanda ya je ajin yaƙi da jahilci ya iya wannan. Kaye ɗaya ya isa: hagu abin da ya fita, dama abin da ya shigo, ƙasa yawan kwanakin aiki.

In lissafi ya nuna asara, gyara yana wuri biyu. Ko a ƙara kuɗin aiki, ko a rage kuɗin kaya. Rage kuɗin kaya kuwa sai an haɗa kai. Takarda falle ɗaya-ɗaya tsada gare ta, bandir ya fi sauƙi. Mutum biyar su haɗa kuɗi, ɗaya ya tafi Maraɗi ya sayo wa kowa, kuɗin mota ɗaya. Mata sun riga maza gane wannan. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi cikin 1991, da shi mata da yawa suka sami jarin ƙananan sana'o'i, kuma jarin takarda bai kai na suya ba. Wadda aikinta ya yi kyau tana iya nufin SAFEM, bajekolin sana'o'in hannu na mata da aka fara a Yamai cikin 2000, ta hanyar ƙungiyarsu ta masu sana'a.

Sai ajiya. Damina da gara su ne maƙiyan takarda, gara kuma tana son ƙullin gari fiye da ƙaro. Kada a jingina kaya ga bangon ƙasa, kada a ajiye su a tabarma. A sa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, a zuba busasshen ganyen bedi a ciki, a riƙa buɗewa ana dubawa ranar da rana ta fito. Launin da aka dama da ƙaro, in ya kwana uku cikin zafi yakan yi tsami, don haka a dama kaɗan, daidai aikin yini.