Gonakin Kwakwar Manja da Rikicin Fili: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Asalin kwakwar manja nan Afirka ta Yamma ne, amma a yau kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa, Indonesiya da Malesiya. A 1848 aka dasa tsiro huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, zamanin mulkin Turawan Holan, sai a 1911 aka fara noma ta don kasuwa a Sumatra. Man da ake tatsa a can ba a barinsa ja kamar wanda muke zubawa a miya. Tace shi ake yi ya shiga taliya da biskit da sabulu da man shafawa, har da man dizal. Hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da mai ninkin abin da waken suya ke bayarwa sau da yawa, shi ya sa kamfanoni ba sa gajiya da neman sabon fili.

Ita kanta bishiyar ce ke sa rikicin ya yi tsanani. Sai ta yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, ta kuma ci gaba da bayarwa har kusan shekara 25. 'Ya'yan da aka sare dole su isa injin matsa cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba man ya lalace. Saboda haka kamfani ba ya son gona nan gona can. Fili yake so shimfiɗe, dubban hekta kewaye da injinsa, da hayar shekara hamsin ko fiye. Irin wannan fili a takardar gwamnati daji ne mara mai shi. A wurin mutanen ƙauye kuwa nan ne gonar rogo da ta shinkafa, nan ake itace da farauta, nan maƙabartar kakanni take, nan kuma mata ke samun kwakwar daji da suke dafawa su yi manja da alayyadi su kai kasuwa.

Abin da ya faru a masarautar Malen, gundumar Pujehun a kudancin Saliyo, ya isa misali. A 2011 gwamnati ta karɓi hayar fili daga hannun masarauta, ta miƙa wa wani reshen kamfanin Socfin na shekara hamsin. An fara da hekta 6,500, daga baya ya haura 18,000. Kuɗin hayar da aka yanka a lokacin dala 12.50 ne a kan kowace hekta a shekara, kuma rabi kaɗai ke isa ga masu ƙasar, sauran a raba tsakanin masarauta da gunduma da gwamnatin ƙasa. Iyalai da dama sun ce ba a nemi yardarsu ba, wasu sun ce sun dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu ba. Kamfanin ya musanta, yana cewa ya bi doka, ya biya diyya, ya ɗauki dubban ma'aikata.

Mutanen suka kafa ƙungiya mai suna MALOA. A 2016 kotu ta kama shugabanta, Shiaka Sama, da wasu abokansa da laifin lalata bishiyoyin kamfanin, zargin da suka ce ƙage ne. Bayan shekara biyu jama'ar yankin suka zaɓe shi ɗan majalisa ba tare da jam'iyya ba. A Janairun 2019 aka yi arangama da jami'an tsaro, mutum biyu suka rasa ransu. Sai a 2022 majalisar Saliyo ta zartar da sababbin dokokin ƙasa biyu, waɗanda suka ce ba za a ba mai zuba jari filin gado ba sai masu shi sun yarda da ransu, bayan an yi musu cikakken bayani, kuma kafin a fara aiki. Sun kuma ware wa mata aƙalla kashi 30 na kujerun kwamitocin ƙasa. Doka ce mai kyau ƙwarai, sai dai ta zo ta tarar da gonakin Malen sun riga sun zama kwakwa.

A maƙwabciya Laberiya, gwamnati ta ba kamfanin Sime Darby na Malesiya hekta 220,000 a 2009, amma turjiyar ƙauyuka da sababbin ƙa'idojin hana sare daji suka sa bai shuka ko kashi ɗaya cikin goma ba, ƙarshe ya sayar ya tafi. Wata doka da Laberiya ta yi a 2018 ta amince al'umma na iya mallakar filin gadonta. A Kamaru kuma, hekta 73,000 da aka ba kamfanin Herakles na Amurka a 2009 an rage ta zuwa kusan 20,000 a 2013, bayan mutanen yankin Kudu maso Yamma sun ƙi yin shiru.

Kada a ɗauka duk mutanen karkara ƙin kwakwa suke yi. A Indonesiya kusan kashi 40 na gonakin a hannun ƙananan manoma suke, kuma da yawansu da ita suka gina gida suka kai yara makaranta. Hukumar FELDA ta Malesiya, da aka kafa a 1956, ta raba wa dubban iyalai marasa gona filaye, ta kuma fitar da da yawa daga talauci. Abin da ke raba gardama shi ne ko manomi ne mai gonar, ko kuwa lebura ya koma a filin ubansa. Tun 2007 dokar Indonesiya ta wajabta wa kamfani ya ware kwatankwacin kashi 20 na gonarsa ga mutanen yankin. Wani bincike da BBC da abokan aikinta suka fitar a 2022 ya nuna kamfanoni da yawa ba su cika alkawarin ba, jama'a na ta jira shekara da shekaru.

Gwamnatin Indonesiya ta yi ƙoƙarin taka burki. Kotun tsarin mulki ta yanke a 2013 cewa dajin gado ba na gwamnati ba ne. Bayan mummunar gobarar daji ta 2015, wadda hayaƙinta ya turnuƙe har Singafo da Malesiya, Shugaba Joko Widodo ya dakatar da ba da sababbin lasisi a 2018 na shekara uku. Wa'adin ya cika a 2021 ba a sabunta ba. Gwamnatin da ke hana sare daji ita ce kuma ke ƙara yawan manjan da ake gauraya wa dizal, ita ce ke karɓar harajin fitar da shi. Kura ce aka ba ajiyar nama, shi ya sa nake ganin alkawarin gwamnati kaɗai ba ya kare kowane ƙauye. Al'ummar Awyu ta Papua ta kai ƙara har Kotun Ƙoli don kare dajinta, amma a 2024 aka yi watsi da ƙarar.

Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen manja a farkon shekarun 1960. Yau abin da take samarwa ba ya isarta, sai ta shigo da ƙari. Don haka jihohi irin su Edo da Kuros Riba ke zawarcin masu jari: Okomu da Presco suna Edo, Wilmar kuma ya sayi tsofaffin gonakin gwamnati a Kuros Riba, kuma a jihohin biyu an ji ƙauyuka na koke kan filaye. Buƙatar man gaskiya ce, domin tsadarsa tana taɓa tukunyar kowa. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filin jiha a hannun gwamna, kuma idan aka karɓe gona, diyyar amfanin da ke kai da gini ake biya, ban da ƙasar kanta. Wannan dokar ce ke aiki a Jigawa da Neja da Taraba idan mai jari ya zo neman filin rake ko shinkafa. Duk ƙauyen da ya ji an fara zancen ba da fili, ya kamata ya nemi ganin taswira da takardar yarjejeniya, a karanta ta a bainar jama'a cikin harshen da suke ji, mata da matasa da makiyaya suna wurin, a kuma rubuta shekarun haya da kuɗinta da abin da zai faru idan kamfani ya saɓa, kafin kowa ya sa hannu.