Eriya da Kyautata Kamun Rediyo a Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara shirye-shirye a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, akwatin rediyo ya zama abokin zaman Bahaushe. A ƙasashen Gwandu da Kalgo na Jihar Kebbi, manomi da makiyayi da shi suke jin labarin damina da gargaɗin ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar a 2020. Sai dai sau da yawa murya takan dushe, mai rediyo ya ɗora wa akwatin laifi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa galibi laifin na rashin sanin eriya ne, domin kowane zango da irin tasa.

Matsakaicin zango

Mutane da dama sukan zare sandar ƙarfen nan ta saman akwati domin kama matsakaicin zango, alhali kuwa a yawancin akwatuna ba ruwanta da shi. Eriyarsa tana ciki: wata 'yar baƙar sanda ce kwance, wadda aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Wannan sanda ta gefenta take kamu, ta tsininta kuwa ba ta jin kome. Saboda haka sai a juya akwatin kansa sannu a hankali, har fuskarsa ko bayansa ya dubi sashen da tashar take. Da dare wannan zango yakan ci nisa fiye da rana.

Gajeren zango

A nan ne sandar ƙarfe take aiki, sai a zare ta gaba ɗaya. In kamu ya yi rauni, a ɗaura mata waya mai tsawon mita 5 zuwa 10, a rataya a bisa reshe ko gora. Idan tsawon ya wuce kima, tashoshi sukan hau kan juna. Har wa yau lokaci yana da tasiri: mita 16 da 19 sun fi kyau da rana, mita 41 da 49 kuwa da dare.

Zangon FM

Wannan zango, watau megahaz 88 zuwa 108, miƙe yake tafiya, tudu da gini suna tare shi. Tsawon igiyarsa kimanin mita 3 ne, eriya kuma ta fi kamu in ta kai rubu'in haka, watau wajen santimita 75. Doguwar waya ba ta ƙara kome a nan. Tsayin wuri shi ne magani. Mutumin Kalgo, da yake kusa da Birnin Kebbi, sandar akwatinsa takan wadace shi wajen kama tashoshin birnin. Na Gwandu, da ya fi nisa, yana bukatar ya ɗora akwatin a bisa katanga ko bakin taga, ya riƙa karkata sandar har murya ta washe.

Abubuwan kiyayewa

Rufin kwano yana tare igiyoyin rediyo. Cajar waya da janareto da wasu ƙwayayen lantarki na zamani suna haddasa ƙugi, don haka a nisanta akwati da su. Batir mai sanyi ma yakan kwaikwayi ciwon eriya. Mafi muhimmanci, kada a rataya waya kusa da wayar lantarki, kuma a kwance ta da zarar hadari ya haɗu, domin tsawa tana iya biyo ta har cikin ɗaki.

Kammalawa

Kafin mutum ya kai akwatinsa wurin mai gyara, ko ya sayi sabo, ya kamata ya fara tambayar kansa zangon da yake saurare. Na matsakaici juyi yake so, na gajere waya, na FM kuwa tudu.