Dajin nono ba iri ɗaya ba ne: abin da binciken Farfesa Olopade ya gano

Ga abin da muka tattauna a filinmu na lafiya, mun sa shi a takarda domin wanda shirin ya wuce shi yana wajen kiwo ko yana kan hanyar kasuwa, da kuma wanda ya ji amma yana so a sake karanta masa a gida ko a ruga.

Bari in fara da abin da ka fi ni sani. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, ta rage cin ciyawa. Wanda bai san shanu ba zai ce ai ciwo ne, a ba ta magani. Kai kuwa sai ka tsaya ka duba tukuna: sammore ne ko hanta? Domin allurar sammore ba ta kashe tsutsar hanta. Ka yi ta dirka mata har kuɗinka su ƙare, saniya tana nan tana ramewa. To, riƙe wannan, don haka ciwon dajin nono yake ga mata, wanda wasu ke kira sankara. Ƙullutun da ke ƙirjin wannan da na waccan kan yi kama a hannu, amma a ƙarƙashin na'urar ɗakin gwaji kowanne da irinsa, kowanne kuma da maganinsa.

Cikin waɗanda suka fi ɗaukar wannan batu a ka game da matan Afirka akwai Farfesa Olufunmilayo Olopade. 'Yar Najeriya ce, ta gama karatun likita a Jami'ar Ibadan a 1980, daga baya ta tafi Amurka, inda take koyarwa da bincike a Jami'ar Shikago. A can ta lura da wani abu da ya hana ta sakat. Baƙaƙen mata suna zuwa da wannan ciwo da sauran ƙuruciyarsu, kuma ya fi yi musu mugun kamu, alhali kusan duk abin da littattafan likitanci suka faɗa a kan ciwon daga jikin Turawa aka koyo shi. Sai ta waiwayo gida. A 1998 ita da likitocin Ibadan suka fara wani dogon bincike a kan matan Najeriya masu dajin nono, daga baya aikin ya kai Kamaru da Yuganda.

A 2009 suka fitar da sakamakon da ya ja hankalin likitoci. Sun gwada naman ƙullutu na mata 507 daga wurare shida a Najeriya da Sanigal. Idan aka daidaita shekarun matan nan, wajen 45 ne. A wurin Turawan Amurka kuwa, ciwon ya fi bayyana bayan shekara 60. Ka ga ke nan a nan ba ciwon tsofaffi ba ne, ciwon uwar 'ya'ya ne, wadda ke tallar nono da fura, wadda wataƙila ma tana da goyo.

Abu na biyu da suka gano shi ya fi shafar aljihunka, don haka bari in ɗan tsaya a kansa.

Akwai dajin nonon da ke ci yana girma da wani sinadari na jikin mace, ana ce masa estrojin. Irin wannan, idan an toshe masa hanyar abincinsa, sai ya lafa. Aikin ƙwayar tamoxifen ke nan, wadda ake sha kullum bayan aiki, shekara biyar ko fiye. Akwai wani irin kuma mai ɗauke da wata alama da yawa a jikin ƙwayoyinsa, likitoci na ce mata HER2. Shi yana da saurin yaɗuwa, amma yana da nasa maganin, trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1998. Maganin na aiki ƙwarai, sai dai tsada. Sannan ga na ukun, wanda idan an gwada shi ba a samun ko ɗaya daga alamomin da ake nema. Shi tamoxifen ba ta taɓa shi, trastuzumab ba ya taɓa shi. Abin da ke kama shi shi ne tiyata, da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da ake kira kemo, da gashi da na'ura, kuma ba ya son jinkiri ko kaɗan.

A wurin Turawa, kusan huɗu cikin biyar na masu ciwon irin na farkon nan ne da su, mai jin tamoxifen. A cikin matan da su Olopade suka gwada kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu ce kawai, sama da rabi kuma irin na ukun ne. Yanzu ka auna: shekara da shekaru a asibitocinmu da yawa ba a wannan gwajin, saboda babu kayan aiki. A yi wa mace aiki, a rubuta mata tamoxifen, ta tafi. Wadda ciwonta ya dace da ƙwayar ta amfana. Wadda bai dace ba, allurar sammore ce ake yi wa mai hanta.

Wasu bincike da suka biyo baya sun sami masu irin na farkon da yawa fiye da haka, kuma dalilin abin lura ne. Idan aka yanko naman aka bar shi ya daɗe a zafi ba a tsoma shi cikin ruwan maganin da ke adana shi ba, alamar sai ta dushe, gwaji ya ce babu alhali akwai. Ni a ganina wannan ma ƙarin hujja ce ga maganar Farfesa: a yi gwajin, kuma a yi shi a inda suka iya. Shi ya sa ita da abokan aikinta suka dage wajen ganin ana yin sa a Ibadan, ba sai an tura nama ƙasar waje ba.

Sai maganar gado. Makiyayi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, tunda kai da kanka kake zaɓen bijimi don ka san abin da yake zubawa a garke. A 2018 su Olopade suka buga sakamakon gwajin mata 1,136 masu ciwon a Najeriya, suka ga kusan ɗaya cikin takwas ta gaji wata tawaya a ƙwayoyin halittarta, galibi a waɗanda ake kira BRCA1 da BRCA2. Ana gadon ta ta wajen uwa, ana gadon ta ta wajen uba, ko da shi uban lafiyarsa lau. Saboda haka idan a danginku an yi mata biyu ko uku masu dajin nono ko na ƙwan mace, musamman da ƙuruciya, to a faɗa wa likita, har da na gwaggo, ba na inna kaɗai ba. Gado dai ba shi ne yaɗuwa ba. Ba a ɗaukar ciwon nan ta ƙwarya ɗaya ko shimfiɗa ɗaya, kada a ware baiwar Allah a bukka ita kaɗai.

Ke 'yar uwa, yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, mai shayarwa ma takan yi kumburi ya sace. Amma ƙullutu mai tauri da ya ƙi tafiya, ko da ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, ko kaluluwa a hammata, wannan na asibiti ne. Kada a tsaga, kada a ɗora masa wuta ko maganin da ke cin fata. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane har a kai watanni.

Kai kuma maigida, na san lissafin da kake yi: kuɗin mota, kuɗin gwaji, wa zai tsaya wa dabbobi, wa zai riƙe rumfa. Ɗan tunkiya ko biyu da za ka sayar yau a yi gwaji sun fi sauƙi a kan shanun da za su tafi idan abin ya fashe. Ku kuma 'yan kasuwar kan iyaka, ina roƙonku. Magani na ƙetara iyaka a kwali kamar shinkafa, kuma za ka ga an ce wance ta sha kaza ta samu sauƙi, a sayo wa wance ma. Tamoxifen ba farasitamol ba ce. Tana iya sa jini ya daskare a jijiya, tana cutar da ɗan da ke ciki, ga wadda ciwonta ba irin nata ba ne kuma ɓata lokaci ce kawai.

Ta ɓangaren Najeriya, asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna ganin masu ciwon daji. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021. Asibitin kusa da ku shi zai ba ku takardar turawa. Idan an ɗebi nama, ku tambaya kai tsaye: likita, wane iri ne? Ku karɓi takardar sakamakon ku adana ta a leda kamar katin shaida. A ta Ingilishi za ku ga an rubuta ER, PR da HER2, a ta Faransanci kuma RE, RP da HER2, kowanne da alamar akwai ko babu a gabansa. Abu ɗaya suke nufi, don haka likitan Maraɗi zai iya karanta ta Katsina, na Maiduguri ya karanta ta Marwa, ba sai an sake yanka ba.