Yadda ake auna labaran kamfen a jaridu

Daga 28 ga Satumba, 2022, da aka buɗe kamfen, zuwa zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, 'yan takara 18 ne a fili. Amma wanda ya bi jaridu zai ɗauka huɗu ne kawai: Tinubu, Atiku, Obi da Kwankwaso.

Masu bincike, irin su cibiyar IPC ta Legas, ba sa dogara da zato. Suna tara jaridu kullum, su ƙirga labaran kowane ɗan takara, su duba wanda ya hau shafin farko, da ko yabo ne ko suka. Mafi muhimmanci, suna lura da wa aka bai wa bakin magana.

Nan ne abin ya shafi Damri a ƙaramar hukumar Bakura ta jihar Zamfara, inda 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Mayun 2022. Manomin da ya rasa ɗan'uwa ba kasafai jarida ke tambayarsa abin da yake so daga ɗan takara ba.

Wani lokaci kuma hukuma ce ke hana a ji wani ɓangare: a Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta rufe wasu kafafen yaɗa labarai, ciki har da NTA Gusau, saboda sun ɗauki taron PDP.