Winslow Homer, mai zanen da ya bar wa teku fili

A arewa maso gabashin Amurka, cikin jihar Maine, akwai wani zirin ƙasa mai duwatsu da ya kutsa cikin tekun Atlantika, ana ce da shi Prouts Neck. Nan ne mai zane Winslow Homer ya tare cikin shekara ta 1883, nan kuma ajali ya same shi cikin 1910.

An haife shi a birnin Boston cikin 1836. Da zanen jarida ya fara neman abinci, har mujallar Harper's Weekly ta aike shi fagen daga lokacin yaƙin basasar ƙasarsu. Amma abin da ya sauya hannunsa shi ne zaman da ya yi daga 1881 zuwa 1882 a Cullercoats, wani ƙauyen masunta na Ingila. Can ya ga mata tsaye bakin gaɓa, sun zuba wa ruwa ido, suna jiran mazajen da ba su da tabbacin komowarsu.

Da ya sauka Prouts Neck, sai ya mai da wani ɗakin ajiye keken doki wurin aikinsa, taku kaɗan daga ruwa. Da fari mutane ne suka cika zanensa. Cikin wanda ya yi a 1885, ga masunci shi kaɗai a kwale-kwale, ya kamo manyan kifaye, ya waiwaya ya hangi hazo na tasowa, babban jirginsu kuwa yana can nesa. Mai kallo ba ya sanin ko zai kai.

Sannu a hankali mutanen suka riƙa raguwa. Cikin 1895 ya gama wani zane da ya kira Northeaster, wato guguwar arewa maso gabas, da mutum biyu a kan duwatsu. Bayan ƴan shekaru ya komo masa, ya shafe mutanen nan, ya ƙara girman kumfar da ke tashi. Abin da ya rage shi ne baƙin dutse da raƙuman ruwa suna dukansa. Tun da babu kowa ciki, wanda ya tsaya gaban zanen shi ne ke tsaye bisa dutsen, shi ne kuma tsoro zai kama. Yanzu zanen yana gidan tarihi na Metropolitan, a New York.

Sunansa ya ƙetare teku tun yana da rai: cikin 1900 gwamnatin Faransa ta sayi zanensa na daren bazara a bakin teku, wanda ke gidan tarihi na Orsay a Paris. Ɗakin aikin nasa kuwa, gidan tarihi na Portland ya saye shi cikin 2006, ya gyara, ya buɗe wa baƙi cikin 2012. Daga baranda mai ziyara na iya hangen duwatsun nan da Homer ya shekara 27 yana kallo.