Na'urar Auna Sukari ta Damtse da Zafin Jidda

Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, Jidda ce ƙofar teku ta Makka. Kakanninmu kan tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin su sauka a tashar jiragen ruwanta, kuma har yau alhazan Sudan na bin wannan hanya. Ko ta ruwa muka je ko ta sama, zafi da gumin Jidda ne ke fara tarbar mu. Masu ciwon sukari da 'ya'ya suka saya wa na'urar da ake mannawa a damtse, irin su FreeStyle Libre da Dexcom, ya kamata su san iyakarta.

Na'urar ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, kuma yana bin bayan jini da minti 5 zuwa 15. Idan sukari na faɗuwa da sauri, kamar lokacin ɗawafi da sa'ayi, waya na iya nuna lafiya lau alhali jiki ya fara rawa.

Akwai abubuwan da ke rikita ta. An ƙera Libre ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 45, amma a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka. Gumi kan ɓamɓare ta. Kwanciya a kanta, kamar a daren Muzdalifa, na sa ta nuna sukari ya yi ƙasa alhali bai yi ba. Bitamin C mai yawa kan ɗaga lambar Libre, haka ma maganin sikila na hydroxyurea kan ɗaga ta Dexcom.

Don haka, iyayenmu, kada mu bar na'urar huda yatsa a gida. Duk sanda lamba ta saɓa da yadda muke ji, mu wanke hannu mu huda yatsa kafin mu ƙara insulin. Ƙasa da 3.9 haɗari ne. A ma'aunin da aka fi amfani da shi a Saudiyya, 70 ke nan. Idan ya kai haka, mu ci dabino ko mu sha ruwan sukari, mu sake aunawa bayan minti 15.

Mu ga likita kafin tafiya, mu kuma riƙe na'ura ta biyu a jakar hannu, nesa da rana. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.