Hannun jarin naira 2: araha ne ko tarko?



Makon jiya musu ya kaure a majalisarmu kan wani ƙaramin kamfani da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX. Abokina ya zuba duk abin da ya tara a bautar ƙasa, wai hannun jarin naira 2 ne kacal. Wani ya ce masa, "Malam, araha fa ba ta ado."

Ga abin da na faɗa musu. Farashi kaɗai ba ya nuna araha. Ɗauki ribar shekara bayan haraji, ka raba ta da yawan hannayen jarin kamfanin. A ce kowane hannu ya samu kwabo 5. Naira 2 kwabo 200 ce, ke nan in ribar ba ta motsa ba, sai ta shekara 40 kafin ta kai kuɗinka. Na naira 50 mai ribar naira 10 kuwa, shekara 5. To, wanne ya fi tsada?

Abokina ya ce ai baɗi ribar za ta ninka. Na ce daga ina? Ciniki ne ya ƙaru, ko fili suka sayar? Kamfanonin NGX na fitar da rahoto duk wata uku. Karanta shi, ka duba bashin da ke kansu. Sannan ka sani, ranar da ka matsu, ƙaramin kamfani kan rasa mai saye.

Bai sayar ba tukuna, amma ya zauna karanta rahoton. Ku fa, me za ku ce masa?

Sai shiri na gaba.